Kada Mu Datse Hashiyar Tsofaffin Hotunanmu

Akwai wata al'ada da ta shigo mana a 'yan shekarun nan, wadda duk mai kai-komo tsakanin Darmanawa da Gyadi-Gyadi da Tarauni a Kano ba zai rasa cin karo da ita ba, ko a bangon falo, ko a kalandar da ake rabawa ranar biki, ko a fuskar wayar wani matashi: a ciro tsohon hoton kaka ko na mahaifi daga ƙasan adaka, inda ya shekara 50 ko 60 yana kwance cikin ambulan, a ɗauke shi da waya, a datse gefensa huɗu har ya zamana ba abin da ya saura sai kai da kafaɗa, a sa manhaja ta shafe fuskar ta yi sumul, a zuba masa launi, sa'an nan a buga shi da girma a rataye. Niyyar masu yin haka kyakkyawa ce, birrul walidaini ne ya motsa su, kuma ba ni da ja a kan wannan. Abin da nake ja a kansa shi ne datsewar, domin a ganina abin da ake yankewa a zubar sau da yawa ya fi abin da ake bari ƙima a ma'aunin tarihi, kuma an jahilci haka ne saboda an manta dalilin da ya sa masu hoton dā suke barin wannan fili a kewayen mutum tun da fari.

Dalilin kuwa wata illa ce da ke tattare da yawancin kyamarorin fim, wadda sai an fahimce ta sa'an nan za a iya karanta hotunan. Mai karatu ya miƙe hannunsa ya ɗaga babban yatsa, ya saita shi da wani abu mai nisa kamar hasumiyar masallaci, ya rufe idon dama ya duba, sa'an nan ya buɗe shi ya rufe na hagu. Zai ga yatsan ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan alhali bai motsa hannunsa ba, saboda tsakanin idanun ɗan Adam akwai tazarar santimita 6 da ɗoriya, kowanne yana kallon duniya daga nasa matsayi. In ya jawo yatsan kusa da hanci tsallen ya ƙaru, in ya nisanta shi ya ragu. Wannan shi ne saɓanin mahanga. Malaman falaki na Musulunci sun san shi tun ƙarnonin farko da sunan ihtilaful manzari, suna shigar da shi cikin hisabin kusufin rana da matsayin wata, domin mai duba daga doron ƙasa ba ya ganin wata a daidai inda lissafin da aka gina bisa tsakiyar ƙasa ya ajiye shi, kuma bambancin yakan kai kusan daraja 1 idan wata yana gab da faɗuwa, watau daidai sa'ar da ake neman jinjirinsa.

Kyamarar da ta fara isowa ƙasashenmu ba ta da wannan illa. Ita ce babban akwatin nan na katako mai ƙafa uku, wanda mai hoto yake lulluɓe kansa da baƙin mayafi a bayansa, asalinta kuwa yana komawa ga ɗaki mai duhu wanda Hasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayaninsa a Kitabul Manazir, inda haske ke shiga ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a kife a jikin bango. Ido ɗaya tak gare ta: ta cikinsa mai hoto yake duba surar a kan gilashi mai dishi-dishi, ta cikinsa kuma haske yake faɗawa kan fim bayan an zura shi a gurbin gilashin, saboda haka abin da ya gani shi zai samu, ba ƙari ba ragi. Da irinta Seydou Keïta ya yi aiki a gidan hotonsa na Bamako daga 1948, a kan fim mai santimita 13 da 18. Aibinta nauyi da jinkiri. Ba a bin hawan salla da ita, ba a kutsawa da ita cikin taron ɗaurin aure.

Da aka nemi sauƙi da hanzari sai aka raba aikin gida biyu, aka ba fim idonsa, aka ba mutum nasa. A 1925 kamfanin Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya fitar da Leica, 'yar ƙarama mai shiga aljihu wadda Oskar Barnack ya ƙirƙira, tana da tagar leƙe a samanta dabam da idon da ke ɗauka. A 1929 kuma kamfanin Franke da Heidecke na Braunschweig ya fitar da Rolleiflex, mai idanu biyu ɗaya bisa ɗaya, na sama don dubawa, na ƙasa don ɗauka, wadda ake riƙewa a daidai ciki a sunkuya a leƙa ta sama. Ita da 'yan'uwanta masu rahusa da Japan ta ƙera daga baya, musamman Yashica, sun bazu a gidajen hoto na Afirka ta Yamma daga shekarun 1950 zuwa na 1970, kuma duk wanda ya ga tsohon hoto wanda tsawonsa daidai yake da faɗinsa, mutumin ciki kuma kamar ya ɗan ɗara mai kallo tsayi saboda an ɗauke shi daga ƙasa-ƙasa, to akwai kyakkyawan zaton aikin ɗayansu ne.

Tsakanin idon sama da na ƙasa akwai tazarar santimita 4 zuwa 5, kuma ko da yake wannan tazara ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, nauyinta a cikin hoto yana sauyawa gwargwadon nisan abin da ake ɗauka. Idan mutum yana tsaye a nisan mita 3, kyamarar tana ɗibar fili mai tsayin kimanin mita 2, saboda haka tazarar ba ta wuce wajen kashi 2 cikin 100 ba, ba mai lura da ita. Idan aka matso zuwa mita 1 domin a cika hoton da fuska, filin ya tsuke ya koma kimanin santimita 65, tazarar nan kuma ta zama wajen kashi 7 cikin 100 na hoton duka. Da yake idon dubawa shi ne a bisa, kullum yana hango sama da inda fim yake kaiwa, ma'ana abin da zai salwanta daga saman hoton yake salwanta. A wata ƙasar wannan asarar 'yan gashin kai ce. A ƙasar Hausa kuwa, inda martabar mutum take bisa kansa, inda naɗin rawani yake faɗin ko wane ne mutum tun bai buɗe baki ba, ko malami ne, ko hakimi, ko jinin sarauta mai kunne biyu, inda karin hula da ɗaurin kallabi kowanne yake da ma'anarsa, santimita 4 daga sama ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai hoton da ya miƙa wa dagaci hotonsa an fille masa rawani ya san asararsa ta wuce kuɗin fim.

Maƙeran kyamara ba su ɓoye wannan aibi ba, kuma ina ganin abin yabo ne gare su. Mafi sauƙin magani shi ne 'yan gajerun layuka da aka zana a cikin tagar leƙe, ƙasa kaɗan da iyakar sama, waɗanda ke shaida wa mai ɗauka cewa in ya matso kusa, nan ne haddin hotonsa na haƙiƙa. Ana ganinsu a Olympus Trip 35 ta 1967 da ɗimbin ƙananan kyamarori irinta. Rolleiflex ta ɗara haka, domin an sa mata wani siririn firam a ƙarƙashin gilashin dubawa, an haɗa shi da abin da ake murɗawa a saita nisa, yadda duk sa'ad da aka murɗa don abu na kusa firam ɗin zai zame da kansa ya rufe abin da fim ba zai samu ba. A 1954 Leica M3 ta zo da layuka masu haske da ke yawo a cikin taga, suna gangarowa ƙasa da dama yayin da ake matsowa.

Amma duk waɗannan dabaru iyakar hoto kaɗai suke gyarawa, ba sa iya ɗauke idon mai kallo su mayar da shi inda idon fim yake, saboda haka alaƙar abu na kusa da na nesa tana nan a saɓe: sandar da aka gani a taga ta tsaya fes a gefen ƙofar da ke bayanta, a fim sai a tarar ta hau kan ƙofar. Kamfanin Mamiya ya ƙera wata 'yar na'ura mai suna Paramender da ake sawa tsakanin kyamara da ƙafafunta, in an gama saiti a murɗa ta ta ɗaga kyamarar dukanta da santimita 5, idon ɗauka ya zauna a ainihin gurbin da idon dubawa ya bari. Wannan magani ne cikakke, sai dai ba ya aiki sai ga abin da ba ya motsi. Wanda ya raba gardama shi ne kyamara mai ido ɗaya da madubi a ciki, irin Exakta da aka ƙera a Dresden a 1936 da Nikon F ta 1959, inda madubin ke karkato hasken idon ɗauka zuwa ga mai kallo, ya kauce a daidai lokacin da aka danna. Ita ma ba a same ta kyauta ba, domin a wannan ƙiftawar da madubi ya kauce tagar takan yi duhu, mai hoto ya ga komai ban da ainihin lokacin da ya ɗauka, bai sani ba ko mutumin ya rufe ido, alhali mai ido biyu yana kallonsa daga farko har ƙarshe.

Yawancin masu hoton da suka ɗauki iyayenmu, ko a gidajen hoto na Sabon Gari, ko masu yawo unguwa-unguwa ranar salla da kyamara a wuya, ba su mallaki Leica ba. Abin da ke hannunsu ko dai gyaransa kaɗan ne ko babu shi ɗungum, sai suka koma ga abin da malaman fiƙihu ke kira ihtiyaɗi. Naɗin fim na kyamara mai ido biyu hoto 12 yake bayarwa, na ƙaramar kyamara 24 ko 36, kowanne kuɗi ne, kuma ba a sanin abin da aka samu sai an shiga ɗakin duhu an wanke, lokacin kuwa taron suna ya watse, amarya ta tare, maniyyaci ya hau jirgi, ba damar a ce a sake. Mai hoton da ya san sana'arsa sai ya ja da baya taki ɗaya ko biyu, ya bar faɗin tafin hannu a bisa kai, ya bar sarari dama da hagu, yana mai cewa a ransa gara a sami rara a rage a ɗakin duhu da a nemi abin da babu. Su ma maƙeran sun yi nasu ihtiyaɗin, domin yawancin tagogin leƙe an ƙera su da gangan su nuna ƙasa da abin da fim zai ɗauka, kamar kashi 9 cikin 10. Da ihtiyaɗi biyun nan suka haɗu sai aka wayi gari fim yana riƙe da abin da mai hoto bai nufa ba, wani sa'in ma abin da bai gani ba sam. Ba na cewa duk sararin da ke tsohon hoto daga nan ya fito, akwai wanda aka bari don a nuna riga ko takalmi ko sabon keke, amma ɗabi'ar ja da baya tushenta wannan tsoro ne.

Almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya san littafi matani ne da hashiya, ya kuma san cewa sau da yawa abin da wani magabaci ya rubuta da siririn alƙalami a gefen shafi, ko fassarar kalma da ajami, ko sunan wanda ya karantar da shi, ko shekarar da aka yi fari, shi ne yake gaya mana inda littafin ya bi da hannayen da suka riƙe shi, abin da matanin ba zai taɓa faɗa ba, tun da matanin iri ɗaya ne daga Fas har Katsina. Ba a taɓa jin mai hankali ya sa almakashi ya zagaye matani ya zubar da hashiya don shafi ya yi kyau ba. To, fuskar da ke tsakiyar hoto ita ce matani, filin nan da tsoron saɓanin mahanga ya sa aka bari shi ne hashiya.

A cikinta ake ganin ko katangar gidan ta ƙasa ce ko ta siminti, ko rufin soro ne da azara ko kwano, ko akwai rumbu a tsakar gida, wace irin tabarma aka shimfiɗa, wane irin jere ne a ɗakin amarya, tasoshi ne ko langa ko samira ko tangaran, wanda kowanne yana da zamaninsa. A cikinta ake tsintar keken Raleigh jingine da bango, da rediyo bisa teburi, da fitilar ƙwai, da lambar mota, da kalandar bango wadda ita kaɗai za ta iya yanke musun da 'yan gida suka shekara suna yi a kan shekarar da aka yi bikin. Keïta da kansa da zanen da ya rataya a baya yake gane shekarun hotunansa, domin yakan sauya shi bayan 'yan shekaru. Mafi girma duka, a hashiya ake samun mutanen da ba wanda ya biya kuɗi don a ɗauke su: yaron da ya leƙo daga bayan ƙyaure, 'yar talla da faranti a ka wadda ta tsaya kallo, almajirin gidan da ya yi shekaru yana ɗebo ruwa, tsohuwar da ta ƙi a ɗauke ta amma gefen zaninta da hannunta suka shigo. Da yawansu wannan ce kaɗai surarsu da ta rage a duniya, kuma ita ce ta farko da ake datsewa.

Mu mazauna wannan yanki na Kano mun fi kowa buƙatar wannan shaida. Darmanawa da Tarauni da maƙwabtansu a dā ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa, birni ne ya biyo hanyar Zariya ya haɗiye su, musamman bayan Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, har aka zo aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, shaguna suka jeru a Titin Kotu, kasuwar waya ta Farm Centre ta cika ta batse. Hawan sarki da zuwan manyan baƙi da dalar gyaɗa duk sun sami masu ɗaukarsu, amma ba a aika mai hoto ya ɗauki gonar gero kafin a yanka ta fulotai, ko rijiyar unguwa kafin a cike ta, ko kukar da ake hutawa a gindinta kafin a sare ta. In akwai surar waɗannan abubuwa, to tana can bisa kafaɗar wani saurayi da ya tsaya a ɗauke shi da rigar salla a 1972, mai hoto kuma ya ja da baya don kada ya yanke masa hula.

Na san abin da za a ce, kuma ba magana ce marar kan gado ba: mu fuskar mahaifinmu muke so, ba bangon da ya tsaya a gabansa ba, kuma bangon ma ya nuna talaucin da Allah Ya fitar da mu daga cikinsa. Amsata ita ce ba wanda ya hana a yi kwafi a datse a rataye. Abin da nake roƙo shi ne kada kwafin ya maye gurbin asali, domin abin da ke faruwa shi ne da zarar sabon ya hau bango sai a yi sakaci da tsohon, wanda aka datse shi ne zai yi ta yawo a WhatsApp tsakanin dangi, bayan shekara 20 shi kaɗai jikoki za su sani. Game da bangon ƙasa kuwa, ban ga abin kunya a gidan da aka haifi mutum ba.

Akwai kuma abin da ya fi datsewa nauyi, watau gyaran fuska. Manhajar da ake ba dusasshen hoto ta dawo da shi garau ba ta da wata hanyar sanin yadda idon marigayin yake. Abin da take yi shi ne ta kintata daga ɗimbin fuskokin da aka horar da ita a kansu, ta cike gurbin da abin da ya fi kama, har a sami fuska kyakkyawa wadda ba a taɓa haihuwar mai ita ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto tun bayyanarsa, kuma daga cikin hujjojin waɗanda suka halatta, irin su Shaihu Muhammadu Bahit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, akwai cewa hoton kyamara riƙe inuwa ne kawai, mai ɗauka bai ƙaga wata sura daga kansa ba. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba, amma ya dace a gabatar musu da tambayar ko wannan hujja tana hawa kan fuskar da na'ura ta ƙaga. Ko da an ajiye hukunci gefe, al'ummar da ta gaji ilmin isnadi, wadda ta san bambancin abin da aka ruwaito da abin da mai ruwaya ya cusa daga bakinsa, bai kamata ta miƙa wa jikokinta kintace da sunan kakansu ba tare da ta bayyana musu ba.

Wayar zamani ta rabu da tsohuwar illar, tun da abin da fuskarta ke nunawa daga idon ɗauka yake fitowa. Amma saɓanin mahanga bai bar ta ba, aiki aka sauya masa. Tun daga iPhone 7 Plus ta 2016, wayoyi da yawa masu idanu biyu ko uku a baya suna auna ɗan bambancin da ke tsakanin abin da kowane ido ya gani, su gane da shi abin da ke kusa da abin da ke nesa, sa'an nan su bar mutum garau su dusashe duk abin da ke bayansa. Watau abin da ya sa magabata suka bar mana hashiya shi ne yau ake amfani da shi a shafe tamu tun kafin ta rubutu. Muna ɗaukar hotuna fiye da kowace al'umma da ta gabace mu, amma mai bincike na shekara 50 masu zuwa zai sha wahala kafin ya ga yadda layin gidanmu yake. Maganin wannan bai da tsada: a kowane biki da suna da salla a samu wanda zai kashe dusashewar, ya ja da baya, ya ɗauki mutane tare da ƙofar gida da titi da abin da ke cikinsa.

Asalin fim ɗin da aka wanke, wanda masu sana'ar ke kira nagetif, ya fi takardar hoto hashiya, domin a ɗakin duhu ma an rage wani abu. Sauran ƙasashe sun gane darajarsa. An nuna hotunan Keïta a New York a 1991 ba tare da sunansa ba, aka bi sawu har Bamako aka same shi da dubban nagetif a adane, daga nan duniya ta san shi. Malick Sidibé, mai riƙe da Rolleiflex a unguwar Bagadadji ta Bamako, ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venis a 2007. Philippe Koudjina ya bar wa Yamai surar dararenta na shekarun 1960 da 1970. A nan gida J. D. 'Okhai Ojeikere ya tara hotunan kitso kusan 1,000 daga 1968, taskar Solomon Alonge na birnin Benin kuma an baje kolinta a Washington a 2014. Shirin ceto taskoki na Ɗakin Karatun Birtaniya ya ɗauki nauyin kwafe dubban nagetif na gidan hoton Jacques Toussele a garin Mbouda na Kamaru, garin da bai kai unguwanni kaɗan na Kano yawan jama'a ba. Kano tana da Gidan Makama, tana da Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, tana da Jami'ar Bayero, ga Arewa House a Kaduna. Ya wajaba ɗayansu ya ɗauki aikin bin tsofaffin masu gidajen hoto da magadansu, a sayi abin da ya rage a hannunsu ko a kwafe a mayar musu, a kuma ɗauki bayaninsu tun suna da rai, domin su kaɗai suka san wace kyamara suka riƙe da yadda suke auna sararin da za su bari.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a yi sassauci a kansa ba. A cikin waɗannan hotuna akwai na matan aure da aka ɗauka a cikin ɗakunansu, don idon miji da 'yan'uwa kaɗai, kuma mutuwar mai hoto ba ta sauke amanar da aka ba shi ba. Adanawa daban, bajewa daban; duk taskar da za a kafa sai ta nemi izinin iyali kafin ta nuna, ta kuma yarda wani hoton a ajiye shi a rufe.

Kafin hukumomi su motsa, aikin na masu adaka ne. A kwafe hoton dukansa har da farin bakinsa, a juya a kwafe bayansa, domin a nan hatimin gidan hoton yake, wani sa'in da kwanan wata da rubutun hannun mai shi. A kai shi gaban dattijuwar gidan a tambaye ta sunan kowa, har da yaron da ya leƙo, a rubuta a takarda dabam, ko da fensir a baya, ban da biro mai huda takarda. Kada a manne shi cikin leda da zafi kamar yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta, domin in an manne ba ya ɓantaruwa sai da fuskar hoton. A sa kowanne cikin ambulan na takarda, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina, a nisanta shi daga rufin kwano saboda zafin bazara, wanda a Kano yakan haura daraja 40. Nagetif kuwa a riƙe shi ta baki, kada yatsa ya taɓa tsakiyarsa, kuma duk wanda aka buɗe aka ji yana tashin tsami mai hawa hanci, alamar ya fara ruɓewa ke nan, tururinsa kuma yana harbin na kusa da shi, sai a ware shi daga sauran a fara kwafe shi kafin kowanne.